Man Kaɗe a Allon Maryamu

Tun da na dawo daga Masar ban buga ƙusa goma cikin kwanciyar hankali ba. Kowa ya shigo shago sai ya ja benci ya zauna: "Danjuma, yaya ƙasar Fir'auna? Ka hau raƙumi? Wai da gaske ne ka ƙi hawan dutsen Annabi Musa?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wanda ya fita sai ya ƙara masa gishiri. Jiya ma na ji wai kulle ni aka yi a filin jirgi. To ga shi na rubuta. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda in ci gaba da aikina.

Dole in fara da allon, don ba don shi ba da tafiyar ba ta da wani labari. A cocinmu akwai wani allo na katakon maɗaci, tsawonsa kamu biyu, wanda mahaifinmu ya zana Maryamu da Jariri a kansa tun ina goye. Baba manomi ne mai kafa amya, amma Allah ya ba shi hannu. Lokacin da zama ya gagare mu a ƙauyenmu na wajen Gayam muka taso cikin gari, ba wanda ya tuna da ganguna ko benci. Allon nan Yaya Ladi ta rungumo, wani maƙwabcinmu Musulmi ya ɗaure shi a bayan babur ɗinsa har Birnin Gwari.

Yaya Ladi ta girme ni da shekara goma sha biyu, kuma ita ta goya ni, don Inna ta rasu ko zama ban fara ba, ba ta bar ko hoto ɗaya ba. Kowace Asabar sai Yaya ta wanke hannu, ta buɗe ɗan gwangwaninta na man kaɗe, ta shafe allon nan tas kamar yaron da aka yi wa wanka. Fiye da shekara hamsin tana haka. Mai ya haɗu da hayaƙin kyandir da na fitila, allo ya koma baƙi ƙirin kamar bayan tukunya, ba abin da ake gani sai fararen idanu huɗu.

Bana kwamitin coci ya gaji. Suka ce ko dai a gyara shi kafin Ista, ko a sauke shi a kafa bugaggen hoto na leda daga Kaduna. Ni kuwa da bakina ba ya zama lafiya, na miƙe na bugi ƙirji na ce a ba ni mako guda. Zan sa samfefa in kankare shi har farin katako, in zana sabo da fentin mai. Aka tafa mini. Na sayo samfefa, ta ɓata. Na sake sayowa, ta sake ɓata. Yaya Ladi yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin mutum sai inuwarsa, amma samfefata ba ta taɓa ɓoye mata ba.

"Auta," ta ce da ni, "ka je ka dawo tukuna."

Lokacin 'yata da mijinta sun samo mini kujerar ziyarar ibada. Fada, limamin cocinmu, ya gaya mini cewa a gindin Dutsen Sina'i akwai wani tsohon gidan ibada da ke ajiye da allunan da suka fi shekara dubu, wasu ma da kakin zuma aka zana su. Na yi dariya na ce Fada, kakin da muke jefarwa? Duk da haka na ɗauki curin kaki guda daga amyoyina na bakin dajin Kamuku, na naɗe a takardar siminti, na cusa a jaka. Niyyata in ga yadda suke sa nasu ya yi ƙyalli, in dawo in nuna wa kwamiti aiki.

Mun tashi da sassafe ta hanyar Kaduna. Ku da kuka san hanyar ba sai na ɓata muku lokaci ba. Rami na miƙa mu ga rami, direba na salati, mu muna kiran Yesu, kowa da bakin da ya iya. Taya ta fashe kafin Buruku, sai ga mu masu zuwa ƙasa mai tsarki muna tallafe da mota da sababbin kayanmu, don jak ɗin direba ya ƙi tashi. A Abuja aka tara mu aka yi ta jan kunnenmu wai kada wani ya gudu in an isa. Ni da na bar shago da amya goma sha biyu, in gudu in je wajen wa?

Jirgi kam ban ji tsoro ba, aikin haɗa shi ne ya ɗauke mini hankali. Ɗan teburin nan da ke manne a bayan kujera na yi ta buɗewa ina rufewa ina neman inda aka ɓoye ƙusa, har na gabana ya juyo ya ce, "Baba, don Allah bayana."

A Alƙahira ne kaki ya jawo mini magana. Jakata na shiga na'ura sai ga wani jami'i mai gashin baki ya yafuto ni. Ya warware takardar siminti, ya sa wuƙa ya yanka, ya shinshina, ya kira na biyu, na biyu ya kira kare. Ni ba Larabci, Turancina kuma ya gudu ya bar ni. Sai na buɗe hannuwa ina kaɗawa ina "zzzz, zzzz," dattijo da ni, a gaban jama'ar duniya. Nan na ji an ce da Hausa tsantsa:

"Bagware, me ka ɗauko mana daga daji?"

Malam Hamisu ke nan, tafintan da aka haɗa mu da shi, Bazazzage ne da ya shekara ashirin a Masar. Kalma uku ya yi da su suka fashe da dariya suka mayar mini da kayana. Na ce yaya aka yi ka san ni Bagware ne? Ya ce, "Tun daga nesa na hango jaka a kafaɗa, ga keken tura kaya a banza." Gaskiyarsa. Mu Gbagyi ba ma ɗora kaya a ka. Kai na tunani ne, shi ya sa matanmu ko ƙwarya ce ko itace a kafaɗa suke ɗauka. Na ce masa ku da kuke ɗorawa a ka ai ga sakamakon nan muna gani. Daga ranar muka ƙulle, kullum muna tare muna tsokanar juna.

Abincinsu kuwa, wake ne da safe, an dame shi da mai da lemun tsami, a ci da gurasa. Wake da safe! Shayi a ɗan kofin gilashi, ba madara, sukari har ya kwanta a ƙasa. Na ga wasu 'ya'yan itace baƙaƙe a faranti na ɗauka ɗinya ce, na watsa uku a baki. Ashe zaitun ne, gishiri da ɗaci kawai. Na rasa inda zan tofar, haka na haɗiye ina hawaye Malam Hamisu na ce mini ai shi ne mai albarkan da muke karantawa. Maza kuma in sun haɗu sai su sumbaci kumatun juna. Mai masaukinmu ya nufo ni da baki, na ja da baya har na taka ƙafar wata mata.

Bayan kwana biyu muka ɗauki hanyar Sina'i a babbar bas. An bi da mu ta wani rami a ƙarƙashin ruwa, wai jiragen ruwa na wucewa ta saman kanmu, matan ayarinmu suka kama waƙa don tsoro. Daga can sai shingen sojoji, a ƙirga kawunanmu, a duba fasfo, a wuce, a sake tarar da wani. Na ce ashe shinge ba a garinmu kaɗai yake ba. Abin da ya dame ni shi ne tafiyar yini guda ban ga bishiyar da za ta ba da katakon benci ɗaya ba. To su waɗannan allunan, ina aka samo musu itace?

Masaukinmu ɗakin dutse ne, sanyi kamar cikin randa. Na murɗa famfo zan wanke fuska, ruwan zafi ya kusa saɓule mini fata. Maganar dutse kuma gaskiya ce, ban hau ba. Gwiwoyina sun ce ba da su ba, ni ma ba dutse na zo gani ba. 'Yan ayarinmu suka je suka dawo da safe suna ɗingishi, suka zube suna barci, ni kuwa na tashi garau na ja Malam Hamisu zuwa gidan ibadar.

Katanga ce doguwa da 'yar ƙaramar ƙofa. Abin da ya fara ba ni mamaki, masallaci ne a ciki, kafaɗa da kafaɗa da coci, kuma Larabawan ƙauye Musulmi su ne masu gadi da hidimar wurin tun kakanninsu. Na tuna maƙwabcinmu da babur ɗinsa. Malam Hamisu ya ce, "Ni dai hoto ba hurumina ba ne, amma zan ara maka bakina."

Kai! Jama'a, na ga aiki. Alluna ne jere, manya da ƙanana, zinariya na walƙiya a bayan kawunansu. Akwai wani na Yesu riƙe da littafi, ido ɗaya na kallonka da tausayi, ɗayan kuma kamar yana tambayarka abin da ka aikata jiya. Na matsa dama ya bi ni, na matsa hagu ya bi ni. Fatar fuskar har sheƙi take kamar mutum ya yi gumi. Aka ce wannan yana cikin mafiya tsufa, kuma da kaki aka yi shi.

Amma kafinta kafinta ne. Mutane na durƙuso suna addu'a, ni so nake in ga bayan katakon. Na raɓa gefen wani allo, na manna kumatu da bango, na rufe ido ɗaya ina leƙe. Sai ji na yi an damƙo wuyan rigata. Mai gadi na faɗa, Malam Hamisu na ba da haƙuri, ni ina cewa a gaya masa baya kawai zan duba. Wata gajeriyar mata mai farar riga da tabarau rataye a wuya ta tsaya tana dariya. Ta yi magana, Malam Hamisu ya fassara:

"Ta ce mutum biyu ne ke leƙen bayan allo, ɓarawo da kafinta. Wanne ne kai?"

Na nuna mata tafin hannuna. Ta duba kantar da ke ciki ta ce in biyo ta.

Sunanta Madam Damiyana, Kirista ce 'yar Masar, aikinta jinyar tsofaffin alluna. A ɗakin aikinta ta kifa mini wani allo na ga bayansa. Sanduna biyu ne aka zura a cikin gurbi, ba ƙusa ba gam, don katako ya riƙa motsi da zafi da sanyi ba tare da ya tsage ko ya lanƙwashe ba. Na dafe kai. Shekara talatin ina danne katako da ƙusa ina zagin sa in ya tsage! Ta ce itacen ma daga nesa ake kawo shi, a bar shi shekaru yana bushewa. Sai a manna masa ƙyalle da gam ɗin da aka dafa daga fata, a shafa alli da gam siriri-siriri, wannan ya bushe a ƙara wani, a goge har ya yi santsin ɓawon ƙwai. Launi kuma ƙasa ce da duwatsu ake niƙawa. Ta fasa ƙwai a gabana, ta mirgina gwaiduwar a tafin hannu, ta huda ta, ta kwaɓa da jar ƙasa. Wai da duhu ake fara fuska, a yi ta ɗora haske a kai a hankali, ɗigon farin cikin ido shi ne na ƙarshe.

Ta ce amma na farko-farko ba da ƙwai suka yi ba, da kaki ne. Ai kafin Malam Hamisu ya rufe baki na zaro curina. Ta karɓa ta shinshina, ta yi wata ƙara, ta sake shinshinawa. Ta ce wane fure ne wannan? Na ce ɗorawa ce da kaɗanya, dajinmu ke nan kike shaƙa. Nan take ta gutsura ta narka a ɗan kasko, ta zuba launi, ta miƙo mini buroshi da guntun katako. Ashe aikin gudu ne, kafin ka kai hannu kaki ya daskare, sai an bi shi da ƙarfe mai zafi ana lallashi. Na ƙona yatsa biyu. Na zana tunkiya, Malam Hamisu ya rantse kaza ce. Rabon da in yi murna irin ta ranar tun ina yaro.

Cikin wannan zumuɗin na ciro waya na nuna mata allonmu, na ce a gaya mata da na koma zan sa masa samfefa. Malam Hamisu ya rasa sunan samfefa da Larabci, sai na kwatanta da hannu. Dariyar matar nan ta ɗauke. Ta cire tabarau ta yi ta zuba Larabci ba numfashi.

"Ta ce in ka yi haka ba ta yafe ba," in ji Malam Hamisu. "Sauran ba zan fassara ba, kai baƙo ne."

Ta ce baƙin nan mai ne da hayaƙi, a sama yake, mai yiwuwa aikin mahaifina na nan da ransa a ƙarƙashi. Ta ɗauki tsinke ta naɗa masa auduga, ta sa a bakinta ta jiƙa, ta mirgina a gefen wani tsohon allo. Auduga ta yi baƙi, wani shuɗi ya fito tar. Na ce Malam, tambaye ta wane magani ta guntsa. Ya ce ba komai, yawu ne. Yawu! Na ƙetare ruwa da hamada don a koya mini tofa yawu!

Ta kafa mini sharuɗɗa tana kaɗa yatsa. In fara ɗebe man da busasshiyar auduga. In soma daga kusurwar sama, wuri kamar faɗin farce. Mirginawa ake yi, ba gogewa ba. In na ga launi a jikin auduga in tsaya nan take. Man kuma a daina shafawa daga yau, shi ke kama hayaƙi. Sai ta ce wa ke shafa shi? Na ce yayata. Tun yaushe? Na faɗa mata. Ta sake duban wayar.

"Ka tambaye ta dalili kafin ka hana ta," ta ce.

Sauran wuraren da aka kai mu na gani, amma hankalina na gida. Kunya ta ishe ni in na tuna bugun ƙirjin da na yi, ga kuma tunanin yadda zan ce wa Yaya Ladi ta ajiye gwangwaninta.

Da na dawo gida, ran Litinin da safe, saura mako uku Ista, na sauke allon na kwantar a kan benci a bakin taga. Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, na tsaye a kaina a madadin kwamiti. Yaya Ladi na zaune a gefe, gwangwani a cinya, ta ce ba inda za ta. Da katikis ya ga na sa auduga a baki ya ce, "Danjuma, abin da ka koyo ke nan?" Na ce Baba Katikis, a yi haƙuri a gani.

Na fara daga kusurwar sama ta dama. Auduga ta farko baƙa, ta goma baƙa. Can sai wani rawaya ya leƙo. Na duba auduga, ba launi a jikinta, na ci gaba. Rawayan ya lanƙwasa, ga zanen wuta a jikinsa irin na masu gyaran ƙorai. Na faɗaɗa kaɗan, sai ga yatsu sun tallafe shi daga ƙasa.

"Yaya!" na ce. "Ƙwarya ce! Ƙwarya a kafaɗar Maryamu!"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Duba bakinta, akwai inda ta tsage aka ɗinke."

Na mirgina auduga. Ga ɗinkin nan, ɗaya bayan ɗaya, Baba bai bar ko guda ba.

"Ƙwaryar Inna ce," ta ce. "Ni na fasa ta, ita ta ɗinke."

Ta ce bayan an binne Inna, Baba ya yi makonni ba ya magana, sai allon nan. Bai taɓa ganin Maryamu ba, sai ya zana fuskar da ya sani. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, kada a ce matar wani ce a fitar da ita daga coci. Ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Jaririn ma in ka kai kansa ka duba kunnuwan, ka shafa naka."

Na ɗaga kai na dubi katikis. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar nan. Sannan ya cire hula ya ce, "Maryamu ma ai mace ce, ta ɗebo ruwa. Ci gaba da aikinka, kwamiti ni zan ji da su."

Kwana tara na yi kafin in kai fuskar, farce bayan farce. Ranar da kumatu suka fito, da ɗan tabo a girar hagu, da bakin da ke shirin murmushi, aiki ya tsaya, don yawu ya ƙafe mini ƙaf. Ina dab da shekara sittin, ranar na fara ganin uwata. Na yi kuka, kuma ban ji kunyar kowa ba. Da na tuna samfefar nan sai na gode wa Allah da Yaya ta ɓoye ta.

Sai da na natsu na ce, "Yaya, man nan fa, me ya sa?"

"Inna ba ta taɓa shiga coci da busasshiyar fuska ba," ta ce. "Ni zan bar ta ta fara?"

Na durƙusa a gabanta na gaya mata abin da Madam Damiyana ta ce, cewa in aka ci gaba da shafawa fuskar za ta sake ɓacewa. Ta yi ta juya gwangwanin a hannu, har na fara da-na-sanin buɗe baki. Sai na ji ta ɓalle murfin.

"Matso, Auta."

Ta lakato man ta shafa mini a goshi, ta bi gira, ta sauko kumatu, yatsunta na tafiya a hankali kamar yadda suka saba bin allon.

"Kumatunku ɗaya," ta ce.

Allon na nan a bagade, duk mai so ya je ya gani. Ni kuma kowace Asabar ina rufe shago da wuri in tafi gidan Yaya Ladi. Saboda haka in kun gan ni da yamma fuskata na ƙyalli ina ƙamshin kaɗe, kada wanda ya sake ce mini wai man Masar ne.